Cin abinci a Sabon Garin Kano

Ɗan'uwa, ka ce kana son ɗanɗana girkin wasu ƙabilu a Kano amma ba ka san ta inda za ka fara ba. Nufi Sabon Gari, ka shiga ta France Road da rana, lokacin da abinci ke da zafi. Wajen Yarbawa nemi amala da miyar ewedu, wato lalonmu ne aka kaɗa, a zuba jar miya mai yaji a kai. Ni ita nake fara nema kullum. Wajen Ibo kuwa akwai akpu, wato tuwon rogo, da miyar agushi ko ta shuwaka. Kafin ka zauna, tambayi mai abinci wane nama ne da kuma inda aka yanka shi, sannan ka duba, don wasu wuraren ana sayar da giya.