Sadarwa, Dunƙulewa da Zarar Bunu: Amsoshin Tambayoyinku

Assalamu alaikum. Yawancin wasiƙun da suka iso mini a wannan mako daga ɗaliban jami'a suke, masu bincike a kan al'adu da kafofin labarai. Matsalarsu iri ɗaya ce: sun yi karatun da Faransanci, amma mutanen da za su yi wa tambayoyi da Hausa suke magana.

Ta farko ɗaliba ce a Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, tana nazarin yadda mata masu sana'a a kasuwar Wadata ke ciniki ta WhatsApp. Ta ce: "Malam, abin da ake ce wa communication, sadarwa ne ko watsa labarai? Ina jin ana faɗin duka biyun."

Ƴata, ba ɗaya ba ne, kuma bambancin zai yi miki aiki a kundinki. Watsawa aikin mai shuka ne ko mai ba kaji tsaba: hannu ɗaya ke jefawa, bai san inda kowace ƙwaya ta faɗa ba. Sadarwa kuwa daga "saduwa" ta fito. In muna rabuwa mukan ce "Allah Ya sada mu da alheri", muna kuma cewa "sada zumunci". Ba a saduwa da mutum ɗaya, sai an samu biyu sun gamu. Saboda haka in saƙo ya tashi bai tarar da kowa ba, ko ya tarar amma ba hanyar da amsa za ta komo, Bahaushe bai kira shi sadarwa ba. An dai watsa, ko an yi shela.

A tarihin ƙasar nan akwai misali mai kyau. An buɗe gidan rediyon Nijar a 1958, aikinsa watsawa ne daga Yamai zuwa ƙauyuka. A 1962 aka kafa ƙungiyoyin masu sauraren rediyo, inda mutanen gari ke taruwa su saurari shiri tare, su tattauna, a ɗauki muryoyinsu a faifai a kai Yamai, a sake sa su a iska. A nan ne watsawa ta zama sadarwa. Matan Wadata da kike bincike a kansu, wadda ta tura hoton atamfa, aka taya, ta ce albarka, aka ƙara, ta sallama, sadarwa suke yi cikakkiya. In kika tambaye su "yaya kuke watsa labarai?" za su ɗauka kina tambayar ko suna yaɗa maganar mutane, fuska ta canza, hira ta mutu. Ki ce musu: "Yaya kuke ji daga masu sayen kayanku, su kuma yaya suke ji daga gare ku?"

Kin kuma rubuta "ƙafofin sadarwa" har sau uku. Ki cire lanƙwasar. Ƙafa ta tafiya ce. Kafa kuwa ƴar ƙofa ce ko huda, irin wadda haske ke shigowa ta cikinta a jikin zana, kuma ita ce jam'inta kafofi.

Na biyu ɗalibi ne a Jami'ar Tawa. Ya ce malaminsa ya ba shi aiki a kan mondialisation, wato yadda ƙasashen duniya ke ƙara haɗewa da juna, da al'adun Adar, yankin da Tawa take, ya ji ƴan jarida na cewa "duniya ta zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya", yana son ya san ko zai iya ɗaukar wannan.

Ɗana, kada ka ɗauka. Wannan karin magana na haɗin kai ne, na mutanen da suka yarda da juna suka ɗaure kansu da manufa guda. Tsinken tsintsiya duk tsawonsu ɗaya, aikinsu ɗaya. Duniyar da kake nazari ba haka take ba: wasu ƙasashe ke ƙera waya da tauraron ɗan'adam, wasu saye kawai suke yi. In ka sa wannan karin magana a kan kundinka, ka yanke hukunci tun kafin ka fita bincike. Masu faɗinsa suna neman abin da zai tsaya a madadin maganar wani masani ɗan Kanada, Marshall McLuhan, wanda tun a shekarun 1960 ya kwatanta duniya da ƙauye guda saboda rediyo da talabijin. Ko shi ma bai ce mutanen ƙauyen sun zama masu baki ɗaya ba.

Kalmar da gidajen rediyo suka yaɗa a madadin mondialisation ita ce "dunƙulewar duniya", kuma ba laifi ka yi amfani da ita tunda mutane sun saba. Sai dai ka dubi hoton da ke cikinta. Mace ta ɗebo dawo daga turmi, ta matsa shi cikin tafin hannu, ta juya, ya zama curi guda, ba ka ƙara gane wace ƙwayar gero ce daga wace gona. Dunƙulewa ke nan, kuma kullum akwai hannun da ya dunƙula. Ta dace da zancen kuɗi da kasuwa. Ga al'ada ni na fi son "cuɗanya", domin a cuɗanya kowa yana shafar wani, amma bai narke ba.

Kai da kake Tawa, shaidar tana ƙofar gidanku. Adarawa sun daɗe suna tafiya bida zuwa Abijan, Legas da Libiya, tun ba a san intanet ba. Suna aiko wasiƙa, daga baya aka koma aiko kaset da muryar mutum a ciki, a tara gida a saurara, yau kuma saƙon murya ne a waya. Suka komo da tufafi da kalmomi na can, amma har yanzu Ba'adare "mi" yake cewa inda Bakano ke cewa "me". Ka fara bincikenka daga bakin waɗannan tsofaffin matafiya. Ka tambaye su me suke kiran abin da ya same su, ka rubuta kalmar yadda suka faɗe ta, da Adarancinta, kada ka gyara musu.

Wani kuma ya tambayi dalilin da ya sa aka sa wa Studio Kalangou, wani shirin labarai na rediyo wanda ya fara aiki a Yamai a 2016, sunan ganga. Kalangu kiɗan mahauta ne tun asali. Makaɗi yana matse igiyoyin fatar da ke jikin kalangun a hammata, sauti ya hau, ya saki, ya sauka. Hausa kuma harshe ne mai hawa da saukar murya, shi ya sa kalangu ke iya faɗin taken mutum har mai shi ya waiwayo. Sunan ya dace.

Tambayar da ta fi tsaya mini a rai ta wani malamin makaranta ce daga Tawa. Ya ce an turo masa bidiyo a waya, ya gani da idonsa, ya tura wa ƴan'uwa, daga baya aka gano tsohon hoto ne na wata ƙasa aka liƙa masa sabon labari. Ya ce: "Shin 'gani ya kori ji' ya tashi aiki ke nan?"

Malam, bai tashi ba. Ganin da magabata ke nufi shi ne ka taka da ƙafarka, ka tsaya a wurin, ka ga gaba da baya. Abin da ke cikin waya wani ne ya zaɓi inda zai nuna maka, ya yanke abin da ba ya so, ya rubuta bayani a ƙasa. Wannan ji ne da ya zo ta ido. Ɗan'uwan jita-jita ne, wadda sunanta ma ya tona ta: ji ta, ji ta, kowa daga wani ya ji, ba wanda ya tsaya a kai.

Karin maganar da ta fi dacewa da abin da ya same ka ita ce "magana zarar bunu ce". Yaran birni da yawa ba su san bunu ba, har na ga wani ya rubuta "zarar burnu". Bunu tsohuwar ciyawar jinka ce, wadda rana da ruwa da hayaƙi suka mai da baƙa. Ka je gindin rumbu a kowane ƙauyen Adar, ka kama tsinke ɗaya daga jinkarsa ka ja. Zai biyo hannunka ba wuya. Ka gwada mayar da shi inda ya fito: zai lanƙwashe, ya karye, ya bar maka baƙi a yatsu. Ka ce ka goge saƙon daga wayarka, kuma ka kyauta, amma waɗanda ka tura wa sun riga sun tura gaba. Abin da ya rage shi ne ka bi su ɗaya bayan ɗaya, da muryarka, ka ce musu labarin nan ba haka yake ba, kuma su ma su faɗa wa waɗanda suka tura wa.

Ka kuma ce kakarka tana ƙara wasu kalmomi a ƙarshen wannan karin magana waɗanda ba ka ji a bakin kowa ba. Don Allah ka ɗauki muryarta tana faɗi, ka tambaye ta a wurin wa ta ji, ka aiko mini.