Amsa: Ina zan samu kayan hannu na kyautar amarya a Bauchi?

Hajiya, kin ce kina son wanda kuɗinsa zai shiga hannun mai sana'ar. To ki leƙa kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, ki nemi masu faifai da tabarmar kaba da ƙwarya da akushi. Amma yawancinsu 'yan sari ne, sai ki tambaya daga wane ƙauye kayan suka fito. Ni ranar kasuwar ƙauye nake bi in saya wurin matan da kansu, kuma ba na matsa musu da ciniki, don faifai ɗaya kan ci kwanaki ana saƙa.

In randa za ki ɗauka, ƙwanƙwasa ta tukuna. Wadda ta tsage ba ta amo.