Amsoshin Wasiƙunku: Neman Digiri na Biyu a Waje da Dillalan da Ke Tare Hanya

Wasiƙun wannan makon duk a kan neman gurbin digiri na biyu ne a ƙasashen waje, a fannin tattalin arzikin raya ƙasa, kuma kamar yadda aka saba na gajarta su, na cire sunayen masu su.

Wani matashi daga Gusau ya ce ya zaɓi fannin ne domin an shaida masa babu lissafi a cikinsa, yana so in faɗa masa jami'ar da ta fi sauƙi.

Ɗana, wanda ya shaida maka haka bai taɓa leƙa ajin ba. Digirin da jami'ar Oxford ke bayarwa a wannan fanni wata tara ne kacal, kuma kaso mai tsoka na watannin nan ƙididdiga ce da lissafin tattalin arziki, yawan lissafin ma haka yake a jami'ar SOAS ta Landan da jami'ar Göttingen ta Jamus. Idan lissafi kake gudu, akwai nazarin raya ƙasa, wanda fanni ne daban mai mutuncinsa, ana koyar da shi a cibiyar IDS ta Sussex da aka kafa a 1966 da kuma ISS ta birnin Hague. Batun jami'a mai sauƙi kuwa, ba ni da amsarsa.

Wani ma'aikacin gwamnati daga Kano ya ce wani dillali ya yi masa alkawarin gurbin karatu a Ingila da tallafin Chevening, zai kuma rubuta masa takardar bayanin kai ya samo masa takardar banki, shi kuwa yana shirin sayar da filinsa ya biya. Tambayarsa ita ce ko ya biya duka ko rabi.

Malam, kada ka biya ko sisin kwabo, filinka kuma ka bar shi inda yake. Chevening tallafin gwamnatin Birtaniya ne, neman sa kyauta ne a intanet, sharuɗɗansa a rubuce suke: digirin farko mai kyau, aikin shekara biyu wanda suke lissafawa da awa 2,800, da alkawarin komawa gida na shekara biyu bayan karatu. Ana tantance masu nema, a yi musu ganawa baki da baki, saboda haka mutumin da ke zaune a shago da kwamfuta ɗaya da janareta ba shi da kujerar da zai sayar maka. Abin da yake sayarwa tsoronka ne na cike fom, kuma da tsada yake sayar da shi.

Wannan ciniki ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutumin da ba zai sayi buhun shinkafa a Singa ba sai ya soka ya duba ƙwayar, wanda zai juya waya sau goma a Farm Centre yana neman alamar jabu, shi ne zai miƙa kuɗin gado ga wanda bai taɓa gani ba don kawai an nuna masa takarda mai tambarin jami'a. Mun ga inda wannan sakaci ya kai mu a ƙarshen 2023, lokacin da ɗan jarida Umar Audu ya fallasa yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, har gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a watan Janairun 2024, abin ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu da guminsu. Takardar bayanin kai da dillali ke rubutawa guda ɗaya ce yake sauya wa suna, kuma masu karantawa sun ga irinta ɗaruruwa, tana farawa da talaucin Afirka ta ƙare da burin ceto ta, ba tare da ta ambaci kasuwa ɗaya ko gona ɗaya da mai neman ya sani ba. Takardar banki ta aro ta fi wannan muni, domin idan jami'an biza na Birtaniya suka kama ka da yaudara suna iya hana ka shiga ƙasar har shekara goma, dillalin kuwa ya kashe wayarsa ya sake lamba.

Ko da gurbin na gaskiya ne, ka yi lissafi da fam, kada ka yi da naira. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500, kuma a shekarar ne aka umarci wasu ɗaliban Najeriya a wata jami'ar arewacin Ingila su bar ƙasar saboda ajiyarsu ta narke kafin su gama biyan kuɗin makaranta. Jamus ma, da yawancin jami'o'in gwamnatinta ba sa karɓar kuɗin karatu, tana neman ka kulle fiye da yuro dubu goma sha ɗaya a banki na shekara guda kafin biza. Kuɗin filin nan naka da wuya ya kai ka ƙarshen zangon farko.

Wata baiwar Allah daga Katsina ta rubuto cikin damuwa cewa digirinta mai daraja ta biyu ne ƙarama, ta yi shekara huɗu tana tattara bayanan manoma a wata ƙungiya, tana da yara biyu, tana jin kamar ƙofa ta rufe mata.

'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, domin abin da ke hannunki ya fi yadda kike ɗaukar sa. Shekara huɗu kina shiga ƙauyuka kina tambayar manomi nawa ya girbe da nawa ya ci bashi, wannan shi ne ainihin aikin fannin, kuma Esther Duflo da Abhijit Banerjee da Michael Kremer sun samu kyautar Nobel a 2019 ne saboda gwaje-gwajen da suka dogara da irin bayanan da kike tattarawa. Gaskiya ne darajar digirinki za ta ba ki wahala a Chevening da manyan jami'o'in Ingila, amma tallafin haɗin gwiwar Japan da Bankin Duniya yana neman aikin raya ƙasa na shekara uku, na DAAD, hukumar tallafin karatu ta Jamus, kuma na shekara biyu, duk kin cika su. Domin cike giɓin sakamako, ki duba darussan MicroMasters na jami'ar MIT a kan bayanai da tattalin arziki da tsara manufofi, waɗanda ake yi a intanet, kuɗinsu kuma gwargwadon samun mutum ne. Sakamako mai kyau a cikinsu shaida ce sabuwa cewa kina iya lissafin. Ki fara bin takardar sakamakonki a jami'a tun yanzu, don kin san yadda fayil ke kwana a ofis, ki kuma nemi wasiƙar shaida daga wanda ya ga aikinki da idonsa, ko da ba farfesa ba ne. Batun yara kuwa ki zauna da maigida da iyaye tun da wuri, domin tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin masu karatun digiri na biyu na aji, wato wanda ba na bincike ba, tafiya da iyali.

Wani ɗalibi daga Maraɗi ya tambaya ko dole sai ya iya Ingilishi.

Ba dole ba ne a farko. Cibiyar CERDI da ke Clermont-Ferrand a Faransa ta shahara a wannan fanni, ana kuma nema ta hanyar Campus France, hukumar Faransa mai kula da ɗalibai daga waje. Sai dai mafi yawan binciken fannin da Ingilishi ake wallafa shi, don haka ka fara koyo yau. Kada kuma ka raina na kusa, irin su African School of Economics da Leonard Wantchekon ya kafa a Jamhuriyar Benin a 2014, da shirye-shiryen AERC, ƙungiyar binciken tattalin arzikin Afirka mai hedikwata a Nairobi.

Na ƙarshe, wani daga Bauci yana so ya rubuta IELTS, jarrabawar Ingilishi, da GRE, jarrabawar neman shiga digiri na biyu, yanzu, alhali sai nan da shekara uku zai nema.

Sakamakon GRE yana aiki shekara biyar, na IELTS shekara biyu, saboda haka na biyun zai mutu a aljihunka kafin ka buƙace shi. Ka duba ma ko jami'ar da kake so tana neman GRE ɗin, domin da yawa a Turai ba sa tambayar sa.