Fita yawo Flagstaff: amsar tambayoyinku kan hawan jini, sikila da haɓo

Wasu 'yan uwanmu mazauna Phoenix a jihar Arizona ta Amurka ne suke shirin haɗa motoci su je hutu Flagstaff, garin jami'ar Northern Arizona da ke cikin duwatsu, tafiyar awa biyu da 'yan mintoci. Gari ne mai sanyi da natsuwa, amma ku sani Phoenix tsayinta daga teku wajen mita 330 ne kawai, ita kuwa Flagstaff ta kai wajen mita 2,100, ta fi Jos nesa ba kusa ba. Ga tambayoyin da suka turo wa likita da amsoshinsu.

Tambaya: Likita barka da aiki. Shekarata 58, na zo wa 'yata wankan jego, ina da hawan jini ina shan magani, yara sun dage sai sun kai ni Flagstaff da Grand Canyon, in je ko in haƙura?

Hajiya sannu da hidimar jika. In dai jinin naki a daidaice yake kuma ba ki da ciwon zuciya ko na huhu, to ki je abinki. Abin da ke faruwa a can sama shi ne iskar ba ta da nauyi, duk numfashi ɗaya da kika ja iskar oksijin ɗin da ke shiga ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, shi ya sa kwana ɗaya ko biyu na farko za ki ji kina haki a matakala, barci ya ƙi daɗi, jinin ma yana iya ɗan hawa. Ki tafi da na'urar awon ki riƙa gwadawa safe da yamma, kada ki tsallake magani ko sau ɗaya, in kuma naki mai sa fitsari ne ki ƙara shan ruwa. Grand Canyon, wato ƙaton kwazazzabon nan mai zurfi, ki tsaya a hanyar bakin ramin wadda take shimfiɗe, kada yaran nan su ja ki ƙasa, saukar babu wuya, hawowar ce ke kayar da mutane. Ciwon ƙirji ko haki kina zaune, a kira 911, lambar neman agajin gaggawa ta Amurka, ba sai an jira gari ya waye ba.

Tambaya: Dakta ni AS ne, ban taɓa ciwon sikila ba kuma ina buga ƙwallo, mu biyar muna so mu hau dutsen Humphreys Peak da ke kusa da Flagstaff, akwai matsala?

Ɗan'uwa tambayarka ce ta fi tsaya mini a rai, don mu mutanenmu AS ta yi mana yawa kuma an saba ce mana ba komai ba ce sai a wajen aure. Mafi yawan masu AS suna zuwa irin wuraren nan su dawo lafiya lau, wannan gaskiya ne. Amma in ƙarancin oksijin ya haɗu da aikin ƙarfi da ƙishirwa da sanyi, ƙwayoyin jinin suna iya lanƙwashewa su toshe jijiyoyin saifa, sai mutum ya ji ciwo mai tsanani a saman ciki ta hagu ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har kafaɗa, da amai. In ka ji haka ka sauko nan take ka nufi asibiti, kuma da bakinka ka ce musu kai AS ne, don likita na iya ɗauka wani ciwon cikin ne daban.

Humphreys shi ne dutse mafi tsayi a duk Arizona, mita 3,851, hanyar tana farawa ne daga Snowbowl, wurin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, a tsayin wajen mita 2,800, zuwa da dawowa kusan kilomita 16, wato wanda ya taso daga Phoenix da asuba ya kama hawa ranar ya ɗauko wa kansa jidali ko da AA ne. Ku kwana biyu a gari tukuna, ku yi ƙananan yawo cikin itatuwan nan dogaye, da dare ku leƙa Lowell Observatory, cibiyar hangen taurari inda aka gano duniyar Pluto a 1930. Ranar hawa ku fita bayan sallar asuba saboda Yuli da Agusta tsawa na sauka a saman da rana. Ka tafi a hankali, kada ka yi tsere da abokai. Ciwon kai da tashin zuciya da kasala kamar zazzaɓi zai kama ka alamar cutar tsayi ce, ka daina hawa, wanda kuwa ya fara tangaɗi ko surutai ko tari da haki a sauko da shi ko da saura taku goma a kai ƙololuwa. In akwai mai SS a cikinku dutsen nan ba nasa ba ne, garin ma sai ya yi magana da likitansa kafin ya je.

Tambaya: Likita bara da muka je yarona ya yi ta haɓo leɓensa duk ya tsage, me zan yi bana?

Maman yaro iskar wurin ce busasshiya kamar ta hunturu. Ki shafa masa ɗan basilin a leɓe da bakin ƙofar hanci safe da dare, ki riƙa ba shi ruwa. In jinin ya zo ya sunkuyar da kai gaba ki matse tattausan wurin hancin minti goma ba sakewa, kada ki ɗaga masa kai sama. Ki sa masa hula da man kare rana, baƙar fata ma tana ƙonewa a tsayin nan. In haɓon ya wuce minti 20 bai tsaya ba ki kai shi a duba.