Fasasshen tumatur da ake saida mana da arha, yana da illa?

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Ni 'yar Arewa ce muna zaune a Agege ta Legas, yara biyar, maigida acaɓa yake yi. Fasasshen tumatur ɗin nan na kasuwar Mile 12 da Yarbawa ke ce ma esha nake iya saye, yanzu maƙociyata ta ce wai yana kawo cutar kansa, wallahi na kasa barci.

AMSA: Hajiya kwantar da hankalinki, amma maƙociyar taki ba ƙarya ta shara ba. Fasasshe daban ruɓaɓɓe daban. Wanda kwando ya matse a mota daga Kura ko Kadawa ya fashe yau, ba wari ba komai, ki wanke ki dafa a ranar, ba matsala. Wanda ya yi furfura fara ko baƙa yana tsami yana yauƙi, wannan na bola ne.

Abin da ke ƙona min rai kullum a asibiti shi ne "ai likita wuta ta ci shi". Wuta ta ci me? Tafasa tana kashe ƙwayar cuta, eh, amma dafin da funfuna ta riga ta zuba a ciki yana nan daram, irin su aflatoxin sai zafi ya haura digiri 200 suke lalacewa, miyarki kuwa a 100 take ɓararraka ko kwana za ta yi a murhu. Kuma ba yau za ki ga abin ba balle ki ce ai mun ci lafiya lau, ɓarnar da yake yi wa hanta ce take taruwa shekara da shekaru, in mutum na da ciwon hanta nau'in B abin ya fi muni. Wata ta ce min tana jefa kanwa, wata gawayi don su kashe dafin, wai wani mai magani a Facebook ya faɗa, haba jama'a! Yanke gefen da ya ɓaci ma ba ya yi a abu mai ruwa kamar tumatur, a karas da kabeji ne ake yankewa da faɗi a ci saura.

Ku haɗa kuɗi ku huɗu ku sayi kwando mai kyau ku raba, musamman daga Janairu zuwa Maris da yake banza, a yanka a shanya a kan tabarma mai tsabta. Da damina in ya yi tsada a koma kuka, kuɓewa, zogale, alayyahu, kabewa. Hukumar Lafiya ta Duniya giram 400 ta ce a rana na ganye da kayan marmari, ba ta ce sai tuffa ba, gwanda da goba ma sun isa.