Tambaya da Amsa: Yaya zan raba mutanen ƙungiyarmu rukuni-rukuni a CiviCRM?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce sakatariyar wata ƙungiya mai tallafa wa marayu a Zariya. Mun kwashe sunayen mutanenmu daga Excel zuwa CiviCRM, manhajar da ƙungiyoyi ke ajiye bayanan mutanensu, sai ga masu ba da gudummawa da 'yan sa-kai da iyayen riƙo duk sun cakuɗe. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kafin ki buɗe rukuni ko guda, tambayi kanki me za ki yi da mutanen a tare. In saƙo za ki tura musu ko taro za ki kira su, rukuni ya dace. In kuwa bayani ne game da mutum, kamar ƙaramar hukumarsa ko sana'arsa, a rubuta shi cikin bayanan mutumin, bincike zai fito da shi duk ran da aka nema. Ƙungiyoyi da yawa nan suke tuntuɓe: a buɗe rukunin Sabon Gari, na Giwa, na Soba, kafin shekara ta zagayo ba wanda ya san wanne ke aiki.

Rukuni iri biyu ne a CiviCRM. Akwai na hannu, wanda ke da kanki kike sa mutum ki cire shi. Wannan ya dace da 'yan kwamitin amintattu, tunda zaɓarsu aka yi. Sai Smart Group, kuma shi nake so ki ƙware a kai, don sharaɗi yake ajiyewa, ba sunaye ba. Shiga shafin bincike na Advanced Search, nemi waɗanda suka ba da gudummawa cikin wata 12 da suka wuce, sannan a ƙarƙashin Actions ki zaɓi ƙirƙirar Smart Group. Daga nan duk wanda ya bayar zai shiga da kansa, wanda ya daɗe bai bayar ba ya fita. Idan azumi ya gabato kuna neman kayan sallar yara, jerin yana nan a shirye. Kada dai ki manta da sa wa rukunin alamar Mailing List, in ba haka ba ba zai fito ba lokacin tura imel.

Amma fa ki fara da haɗe sunayen da suka maimaitu. Mutum ɗaya yakan shigo a matsayin Muhammad, Mohammed da Muhd, lambarsa wani wuri ta fara da 0803, wani wuri da +234. Ƙa'idojin gano maimaici da suka zo da manhajar sun fi dogara da imel, alhali yawancin iyayen riƙo ba su da shi. Daidaita rubutun lambobin, ki kafa sabuwar ƙa'ida da lambar waya.

Batun marayun ya fi damuna. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta buƙaci yardar uwa, uba ko mai riƙo kafin a yi aiki da bayanan yaro a inda ake neman yarda. Ki ware yaran da masu riƙonsu a rukuninsu, ki buɗe wa ma'aikata rukuni mai alamar Access Control, wadda da ita ake tsara wanda zai iya ganin bayanai, ta yadda jami'in walwala ne kaɗai zai ga sunayensu da adireshinsu. Ɗan sa-kai mai tura saƙon gayyata bai da buƙatar sanin gidan da marainiya take kwana.