Yaushe za a ga sabon jirgin fasinja mai farfela?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na lura cewa jirage masu farfela da ke jigilar fasinja a gajerun tafiye-tafiye, irin waɗanda kamfanin Overland ke amfani da su a Najeriya, yawancinsu ƙirar ATR ne. Shin akwai kamfanin da zai fito da sabon samfuri nan kusa? Daga wani mai karatu a Gombe.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, abin da ka lura da shi haka yake. Tun da kamfanin De Havilland na Kanada ya dakatar da ƙera Dash 8-400 a 2021, kasuwar ta koma hannun ATR, wanda Airbus da Leonardo na Italiya suka mallaka tare, alhali jirginsa ATR 72 ya fara ɗaukar fasinja ne tun 1989.

Wanda aka fi sa wa rai shi ne Embraer na Brazil, domin ya tsara jirgi mai kujeru 70 zuwa 90 da injuna a bayansa, don rage ƙarar da ke damun fasinja, amma a ƙarshen 2022 ya jingine aikin saboda bai samu injin da ya gamsar da shi ba. A ganina nan ne gizo ke saƙa. Sabon jirgi ba zai samu masu saye ba sai ya fi na yanzu tsimin mai nesa ba kusa ba, wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da sabon inji, su kuma masu ƙera injuna suna ɗari-ɗari da zuba maƙudan kuɗi a kasuwar da ko ATR ba ya miƙa jirgi 100 a shekara. Matsalar inji ce kuma ta tsayar da MA700 na China, bayan Kanada ta hana sayar masa da injin Pratt & Whitney.

Akwai D328eco mai kujeru 40 da ake haɗawa a Jamus, sai dai shi ma tsohon Dornier 328 ne aka sabunta. Abin yana damuna, domin garuruwa masu gajeren titin jirgi da ƙarancin fasinja sun fi kowa buƙatar irin wannan jirgi, kuma rashin gasa ba ya sauƙaƙa musu farashi. Abin da za ka fi gani a shekaru masu zuwa shi ne ATR ɗin da ka sani, da ingantaccen injinsa PW127XT.